Lauyan Haƙƙin Ƙirƙira da Basirar Na'ura



Duk maƙerin da ya ƙago sabuwar dabara a masana'antun Sharaɗa ko Bompai, ko majemin Challawa da ya gano hanyar tace ruwan jima kafin ya kwarara kogi, hujjarsa ba ta tabbata a gaban shari'a sai an tsara bayanin ƙirƙirarsa, galibi ta hannun lauya, an kai wa magatakardan haƙƙin ƙirƙira a Abuja, bisa dokar 1970 mai ba da kariyar shekara 20.

Yau basirar na'ura tana tace dubban takardun ƙirƙira cikin sa'a guda, har ta zayyana daftari, kuma wannan rahama ce ga mai hikimar da tsadar lauya ta daƙile. Amma fa magatakardanmu, bisa nassin dokar, cikar takardu kaɗai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Saboda haka in na'ura ta yi kuskure, yana iya ɓuya har ranar da aka gurfana a Babbar Kotun Tarayya, inda amanar ke wuyan lauya. Ko a Birtaniya, Kotun Ƙoli ta hukunta a 2023, cikin shari'ar Stephen Thaler, cewa ɗan Adam kaɗai ake rubutawa a matsayin maƙirƙiri, ba na'ura ba.