Filash Mai Tayar da Kwamfuta: Haɗa Shi da Hattarar da Yake Bukata



Kwamfuta ba ta iya tsinana komai sai da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wato irin su Windows da Linux. To, in wannan manhaja ta lalace, ko zamaninta ya wuce, kamar yadda kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10 a watan Oktoba na 2025, ta wace ƙofa za a shigar da sabuwa? Da can da faifai ake yi. Yanzu kuwa galibin sababbin kwamfutoci ba su da gurbin faifai, sai aka koma ga ɗan filash.

Ita manhajar, a dunƙule take zuwa cikin fayil guda mai suna ISO. Mutane da yawa suna zaton kwafe shi cikin filash ya wadatar, alhali kuwa ba haka ba ne. Dalili shi ne, da zarar an kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja da ke cikinta, BIOS a tsofaffi, UEFI a sababbi, ita ke fara farkawa, ta nemi umarnin tashi a wani wuri sananne. In ba ta same shi nan ba, sai ta wuce. Saboda haka ake bukatar manhaja irin Rufus, wadda ta fito a 2011, domin ta warware fayil ɗin, ta ajiye kowane abu a muhallinsa. Filash mai gigabayit 8 shi ne mafi ƙaranci ga Windows. Bayan an gama, sai a soka shi, a kunna kwamfuta, a danna F12 a kan Dell, ko F9 a kan HP, a zaɓe shi.

Sai dai, jama'a, akwai hattara uku. Na farko, aikin yakan shafe duk abin da ke cikin filash ɗin, don haka a duba sunansa da girmansa sau biyu. Na biyu, a ɗauko ISO daga masu shi, kada a karɓa a hannun wanda ba a sani ba, domin gurɓataccen iri ba ya ba da amfanin kirki. Na uku, kafin a ɗora sabuwar manhaja, a kwashe takardun ofis da kundin bincike zuwa wani wuri daban. Manhaja ana sake samunta, amma aikin shekara uku in ya shafe, da wuya ya dawo.