Yarjejeniyar Da Ba A Rubuta Ba

Jawabin da aka gabatar wa shugabannin ikkilisiyoyin ƙauyuka na yankin Dutsin-Ma da Kurfi

 Yau maganarmu a kan wani tsohon fim ne na Amurka. Mun san wani zai ce, ina ruwan manomin Kurfi da majigin Turawa wanda ya girmi ubansa? Ku ba mu aron kunnuwanku, in mun gama sai ku yanke hukunci da kanku.

Sunan fim ɗin Gentleman's Agreement, ma'ana yarjejeniyar dattako, irin wadda manya kan yi da baki ba tare da takarda ba. Ya fito a 1947, shekara biyu ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, wanda aka kwashi samarin ƙasar nan zuwa Bama dominsa. A wannan yaƙi gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a Turai. Amurka tana cikin waɗanda suka ci Jamus da yaƙi, don haka mutanenta suna ganin ƙin Yahudawa cutar wasu ce, can ƙetaren teku. Fim ɗin ya zo ya ce musu su leƙa ɗakinsu. Elia Kazan ne ya ba da umarni, aka ɗauko labarin daga littafin Laura Z. Hobson, ita kanta 'yar Yahudawa ce. A 1948 ya ci lambobin yabo na Oscar guda 3, har da ta fim mafi kyau na shekara.

Ga labarin a taƙaice. Wani ɗan jarida mai suna Phil Green, wanda Gregory Peck ya fito a matsayinsa, matarsa ta rasu, ya koma New York da mahaifiyarsa da ɗansa ƙarami. Mujallar da ta ɗauke shi ta ce ya yi rubutu a kan ƙin Yahudawa. Ya rasa ta inda zai ɓullo wa abin, domin ƙididdiga da jawaban malamai an sha buga su, ba wanda ya motsa. Sai ya yanke shawara: tunda ba a san shi a garin ba, zai riƙa cewa shi Bayahude ne. Bai sāke tufa ba, bai sāke magana ba, bai sāke hali ba. Kalma ɗaya ya ƙara a kansa, cikin 'yan makonni duniya ta juya masa.

Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya ƙone masa gida. A nan ne muke so ku lura sosai. Likitan da ya zo duba mahaifiyarsa ya yi wata 'yar baƙar magana a kan likitocin Yahudawa, cikin murmushi. Wani babban otal ya ce masa babu ɗaki, da ladabi, bayan da ya faɗi ko shi wane ne. Sakatariyarsa ta gaya masa cewa da sunanta na ainihi ta fara neman aiki a wannan mujalla aka ƙi ta, da ta sāke suna aka ɗauke ta, a mujallar da ke shirin yaƙar wariya! Abin da ya fi ciwo shi ne ita ma wannan mata tana tsoron kada a ɗauko Yahudawan da ba su waye ba su ɓata mata suna. Wanda aka daɗe ana rena shi yakan koyi rena 'yan'uwansa.

Amma zuciyar fim ɗin wata mace ce, Kathy, wadda Phil ke son aura. Mutuniyar kirki ce. Ita ce ma ta kawo shawarar a yi rubutun tun farko. Ranar da yara suka zagi ɗan Phil da sunan Bayahude ya dawo gida da kuka, ta rungume shi ta lallashe shi da cewa ai ƙarya suke, shi ba Bayahude ba ne. Ku duba wannan lallashi. Ba ta ce masa zagin ne mugu ba. Ta nuna masa cewa an yi kuskuren wanda za a zaga ne kawai. Tana kuma da wani gida da ba kowa ciki a garin Darien, ga Dave, abokin Phil tun yarinta, Bayahude na gaske, ya dawo daga aikin soja yana neman inda zai sa iyalinsa ya rasa. Ba ta ba shi ba, domin a unguwar akwai fahimtar juna cewa ba a sayar wa Bayahude gida, ba a ba shi haya. Ba doka ba ce, ba a rubuta ba, kowa ya sani. Daga nan fim ɗin ya sami sunansa.

Kusa da ƙarshe Kathy ta ba Dave labarin wani mutum da ya yi ba'ar Yahudawa a wurin cin abinci, ta ce ranta ya ɓaci har ta ji kamar za ta yi amai. Dave ya yi ta tambayarta abu ɗaya: to me kika yi? Ba ta yi kome ba. Ta zauna ta ci gaba da cin abincinta, ita da sauran masu kirkin da ke teburin. Daga baya ta ba Dave gidan, ta koma kusa da zama don ta tsaya masa a gaban maƙwabta.

Fim ɗin yana da nasa rauni, kuma ya kamata a faɗa. Phil zai iya tuɓe Yahudancinsa ranar da ya ga dama kamar riga, Dave ba zai iya ba. Sa'an nan bai tsaya a kan baƙar fata ba, alhali a Amurkar 1947 tasu wariyar har doka ta ɗaure mata gindi a jihohin kudu. Duk da haka yin sa ya bukaci ƙarfin hali. Wasu manyan masu kamfanonin fim, su kansu Yahudawa, sun roƙi Darryl Zanuck, mai shirya shi, ya bar maganar kada a tono rigima. Mun san wannan murya, a bar kaza cikin gashinta. Zanuck, wanda ba Bayahude ba ne, ya ƙi.

To mu dawo gida. Yawancinmu ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, amma kalmar tana bakinmu. In an ce wane Bayahude ne, ana nufin maƙetaci, mai wayon cuta. Mu da muke karanta Littafi mun san Ubangijinmu Yesu daga Yahudawa ya fito, haka mahaifiyarsa Maryamu, haka Bitrus da Bulus. Duk da haka a wa'azin makon Ista akan ji an ɗora mutuwarsa a kan Yahudawa gaba ɗaya, na jiya da na yau. Irin wannan koyarwa ta yi ɗaruruwan shekaru a Turai tana share wa masu kisa hanya. Bayan yaƙi ikkilisiyoyi sun fara tuba daga gare ta. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya, a taronta na farko a Amsterdam a 1948, ta kira ƙin Yahudawa zunubi. Ikkilisiyar Katolika a 1965 ta bayyana cewa ba za a ɗora laifin gicciye a kan dukan Yahudawa ba. Masu wa'azinmu, wannan naku ne. Maganar ba ta siyasar ƙasar Isra'ila ba ce, kowa na iya riƙe ra'ayinsa a can. Maganar yanke wa al'umma hukunci ce saboda sunanta.

Ta wani gefen kuma, labarin sakatariyar nan ba baƙo ba ne gare mu. Akwai a cikinmu wanda ya ɓoye sunansa na baftisma don neman aiki ko ɗakin haya, akwai wanda aka kira arne a garin da aka binne cibiyar kakansa. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin wuri, amma takarda ba ta shiga zauren mai gida. Ko Amurka sai a 1968 ta yi dokar da ta hana wariya wajen haya da sayar da gidaje, shekara 21 bayan fim ɗin. Mu ma mun yi namu yaƙin daga 1967 zuwa 1970, aka ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, amma sunan da ake kiran Ibo da shi a kasuwa bai mutu tare da yaƙin ba.

Sai dai ba don mu lissafa abin da aka yi mana muka tara ku ba. Da sauƙi mu ga kanmu a matsayin Dave. Mu tambayi kanmu inda muke zama Kathy. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta addabi Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, mutane suka rasa 'yan'uwa da shanu da gonaki, wata yarjejeniya ta shigo tsakaninmu, Kirista da Musulmi, ba tare da an zauna an ƙulla ta ba: Bafulatani ba abin yarda ba ne. Ba mu rena zafin da ya haifi wannan ba, wasunku a nan sun biya kuɗin fansa da hatsin shekara. Amma matar da ke kawo nono da fura ƙofar gidanmu tun muna yara, wadda ita ma aka kore wa mijinta garke, me ta yi? Ranar kasuwa in an yi ba'a a kanta a rumfar mai shayi, mu da muka san ta mukan sunkuyar da kai. In dangin rugarta sun gudo gari neman ɗaki, sai a ce an riga an kama. Da ladabi, kamar otal ɗin nan.

Don haka ga abin da muke roƙo, ƙarami ne. Ku da ake ba alhakin rubuta sunayen mabukata in kayan agaji sun zo, in kun gama ku sāke karanta takardar, ku duba ko akwai gidan da aka tsallake wanda ba wanda ya ce a tsallake shi. Ku da kuke da ɗakunan haya a Dutsin-Ma, inda ɗalibai suka cika gari tun da aka buɗe jami'ar tarayya a 2011, ku lura da tambayar da kuke fara yi wa mai nema: halinsa da wanda zai tsaya masa, ko sunan ubansa? Bincike halal ne a wannan zamani, amma a yi wa kowa iri ɗaya. Iyaye mata, in yaro ya dawo da kuka an kira shi da sunan wata ƙabila, ku tuna da lallashin Kathy kafin ku buɗe baki. Malaman makarantar Lahadi kuma, a darasin Ista mai zuwa ku tambayi yara wace al'umma ce Yesu ya fito daga cikinta, ku kawo mana amsar da suka bayar a zamanmu na gaba.