Nauyin da Ke Bisa Kawunanmu: Yaushe Gini Ke Bukatar Injiniya?



A hutun da ya wuce na zaga Batsari da Safana, har na leƙa Runka, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rodi. Duk jerin shagunan da aka gina kwanan nan sai ka ga an bar rodi tsirara a kan rufi yana kallon sama. Na tambayi wani kawuna mai shaguna huɗu, ya ce, "Ɗana, in Allah ya hore, bene za a ɗora." Na ce wa ya lissafa masa harsashin? Ya yi dariya, ya ce birkilansa ya shekara talatin yana gini. Wannan amsa ita ta sa na tsaya gabanku yau.

Ba raina magina nake yi ba. Kakanninmu sun san iyakar azara: ba ta haye faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida sai ta lanƙwasa, don haka in ana son babban zaure sai a nemo gwani ya ɗaura baka. Watau tun dā Bahaushe ya bambanta ginin da kowane magini zai yi da wanda sai gwani. Siminti ne ya zo ya ruɗe mu, muka ɗauka duk abin da aka kwaɓa da shi ya zama dutse.

To, bari mu yi lissafi kaɗan. Kankare mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, nauyinsa ya kai kilo 2,400. Idan aka zuba dekin mai kaurin santimita 15 a kan aji mai mita 7 da mita 9, nauyin dekin kaɗai ya haura tan 22, tun ba a ɗora bulo ko benci ko yaro ɗaya ba. Wannan shi ke rataye bisa kawunan 'yan ajin ƙasa. Bugu da ƙari, in aka ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙai biyu, ƙarfin da ke neman lanƙwasa abin da ya haye su ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne. Ido ba ya ganin wannan, shekara talatin ta gini ma ba ta nuna shi; sai alƙalami. Aikin injiniyan ƙarfin gini ke nan: ya bi nauyi daga rufi zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi, daga harsashi zuwa ƙasa, ya faɗi kaurin rodi da yawansa. Ya bambanta da mai zanen gini, wanda shi tsarin ɗakuna da ƙofofi ne aikinsa.

A ganina, ɗaki ciki da falo mai rufin kwano, birkila nagari ya isa. Amma da zarar za a zuba dekin, ko a ɗora bene a kan ginin da ba don bene aka haƙa harsashinsa ba, ko a yi masallacin Juma'a, ko ɗakin taro, ko ɗakin kwantar da marasa lafiya, lalle a nemi injiniya. Haka in za a fasa bango don a haɗe shaguna biyu. Akwai kuma wanda kowa ke mantawa, watau tankin ruwa: lita dubu goma tan goma ce cif, alhali kuwa a garuruwanmu mai walda kaɗai ake bar wa ƙafafunsa, mata da yara na layi a ƙarƙashi.

Kada a ce wannan matsalar Legas ce. Ranar 12 ga Yuli, 2024, benen makarantar Saint Academy a Jos ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya faɗo kan masu sallar La'asar, bayan an ga tsaguwa a jikinsa. Tsohon gini ma, komai darajarsa, in ya tsage yana son a duba shi da idon masani. Mu kuwa da rashin tsaro na dajin Rugu ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, fili ya yi tsada, ginin sama zai ƙaru ne, ba zai ragu ba.

Yanzu gare ku, 'yan'uwa ma'aikata matasa, da mu da za mu bi sahunku. Takardar biyan ɗan kwangila ta teburinku take bi. Tun 1970 aka kafa hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi, kuma ƙasar nan ta yi kundin ƙa'idojin gini a 2006. Ba doka muka rasa ba. Kafin ka sa hannu, nemi zanen rodi, ka ga hatimi da lambar rajistar wanda ya yi shi. Ka tambaya ko ya zo da ƙafarsa ya ga rodin kafin a zuba kankare, domin in an zuba, ƙarya ta shige ciki ba mai sake ganinta. Ka tambayi kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa, kuma yaushe aka cire katakon tallafi, gama kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Na san za a ce maka kai yaro ne, kana tsayar da aikin manya. Ka rubuta tambayarka a fayil, ka sa kwanan wata.

Shi kuwa kawuna, ya yarda a tona gefen harsashinsa a gani kafin ya sayi bulo ko ɗaya.