Tsofaffin Motoci: Abin da Muka Ɗauko a Ƙasashen Waje da Abin da Muke Sayarwa a Gida



Da aka ce za mu yi magana a wannan zama, wasu sun ɗauka batun ruwan sha za mu taɓo, ko gyaran makarantu, kamar yadda aka saba. Waɗannan suna da masu maganarsu, kuma sun fi mu sanin kansu. Mu abin da muka zo da shi ƙarami ne a ido, har wani zai ce wasa ne: hotunan tsofaffin motoci da muka ɗauko a tafiye-tafiyen hutu. Muna roƙon a yi haƙuri a saurare mu, domin duk nisan da maganar za ta yi, a Gwandu da Kalgo za ta sauka.

Abin ya soma ne a birnin Alƙahira cikin shekarar 2008. Mun je hutu da iyali da niyyar ganin dala da kogin Nilu da Masallacin Azhar. Fitowarmu daga masauki ke da wuya sai ga tasi mai fentin baƙi da fari, Peugeot 504, wato Fijon da muka sani. Kafin mu kai bakin titi mun ƙirga fiye da goma. Dattijon da ya ɗauke mu ya ce motar ta girmi babban ɗansa. Ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta sannan take rufuwa, amma injin yana kuka lafiya lau. Yara suka yi ta ɗaukar hoton dala, mu muka yi ta ɗaukar tasi, suna yi mana dariya. A 2009 gwamnatin Masar ta fito da shirin karɓar tasin da suka haura shekara 20, ana ba masu su sababbi farare a kan rance. Da muka koma bayan 'yan shekaru, sai an yi sa'a ake ganin mai baƙi da fari. Hotunan nan da aka yi wa dariya su ne yanzu yaran ke cewa a tura musu.

Tun daga nan muka ɗauki ɗabi'ar. Mun bi ta Kamba muka tsallaka Gaya, muka ratsa Dosso zuwa Yamai, kuma a wannan hanya mun ga akori-kura ƙirar Peugeot 404 ɗauke da itace har ya ninka tsayinta, tana tafiya a karkace kamar tsoho mai ciwon kwankwaso. Mun tsaya mun gaisa da direban, muka nemi izini, ya gyara hularsa ya tsaya jikin motar. A kasuwar Katako ta Yamai kuma muka ga inda irin waɗannan motoci ke ƙarewa: maƙera na sassare ƙarfen suna fitar da murhu da akwati da abin da ba a rasa ba. Ba mu ga laifinsu ba, sana'a ce, kuma mai kyau. Amma ranar ce muka fara tunanin gida.

Sauran duniya ba ta raina wannan abu ba. A Havana ta ƙasar Kuba, motocin Amurka na shekarun 1950, irin su Chevrolet da Buick, sun wanzu ne saboda dole, domin bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da ya biyo baya an daina shigo da sababbi daga Amurka. Dolen nan ta zama musu abin kallo, baƙi na biyan kuɗi a zaga da su gari a ciki. A garin Sochaux na Faransa kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihin motocinsa a 1988. Ko a nan ƙasar mun san adana mota idan mun ga dama: Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, an kai ta Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashinta.

To, mene ne namu a ciki? Fijon da muka yi ta bi a titunan Alƙahira ai 'yar gida ce. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Turai. Ita ce motar gwamnati tun zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ita ce burin ma'aikaci bayan ƙarin albashin Udoji, ita ce wagon ɗin da ke ɗaukar fasinja daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, Kaduna da Kano. Dalilin ƙarkonta ba boyayye ba ne. Ƙasanta na da tsayi, tana shanye gargada, injinta kuwa babu kwamfuta a cikinsa, makanike mai sifana da filaya zai tayar da ita a gindin bishiya. Kafin ta akwai Bedford ta Ingila mai bodin katako, da Land Rover ta jami'an En'e da malaman dabbobi, daga baya ga Mercedes 911 da Volkswagen mai ƙirar kunkuru da ake harhaɗawa a Legas.

Waɗannan motoci su suka kai shinkafar fadamarmu da albasarmu kasuwar Jega. Su suka kwashi 'yan makaranta zuwa Sakkwato lokacin da can ne babban birnin jiharmu, kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Su suka kawo baƙi ziyara hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, suka kai amare Dalijan da Kambaza, suka ɗauki maniyyata zuwa sansanin alhazai ana bin su da kuka da addu'a. Duk wanda ya girma kusa da mahaɗar Kalgo, inda hanyar Jega ta rabu da ta Bunza da Kamba, ya san akwai lokacin da yaro ke gane motar wane tun daga kukan injinta, bai ko ɗaga kai ba.

Kuma tsohuwar mota littafi ce ga wanda ya iya karanta ta. Idan kuka ga sitiyari a hannun dama, akwai alamar ta shigo kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta daina tuƙi a gefen hagu na titi ta koma dama. Idan lambarta baƙa ce da farin rubutu, tana farawa da SO, to ta zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato ce. Rubutun da ke goshinta ko bayanta kuwa, da zanen zaki ko dawisu ko jirgin sama, shi ke gaya muku halin mai ita: wani godiya yake yi, wani habaici ga maƙiya, wani kuma wa'azi ga na bayansa.

Yanzu ga abin da ya sa muka karɓi wannan gayyata. Akwai wata Bedford da ta shekara da shekaru a bayan wani gida a wani ƙauye na ƙasar Gwandu, tayoyinta sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a inuwarta. Mun sha wuce ta muna cewa wata rana za mu tsaya. Mun ɗauki tasin Masar, mun ɗauki akori-kurar Dosso, amma ita da ke kan hanyarmu ta zuwa gaida iyaye ba mu taɓa ɗaga mata kyamara ba. Bara da Sallah muka tafi da niyya, muka tarar da fili da ɗigon baƙin mai. Magada sun sayar wa 'yan gwangwan, an yanka ta da wuta, an auna a sikeli. Direbanta ya rasu tuntuni. Yaron motarsa yana nan, ya tsufa, ya zauna ya ba mu labarin yadda suke kwana a hanya da damina idan laka ta riƙe su, amma da muka tambaye shi abin da aka rubuta a goshinta, sai ya yi shiru, ya ce ya shige masa.

Ba za mu ce wa magada kada su sayar ba. Ƙarfe ya yi tsada, gida na da buƙata, kuma ƙungiyar da ke fama da rijiyoyi da rufin azuzuwa ba ta da kuɗin gina gidan tarihin motoci. Wanda ya ce mu yi haka yanzu bai duba asusunmu ba. Hoto kuwa ba ya cin komai, kowa na da waya a aljihu.

Abin da tafiye-tafiyen suka koya mana game da ɗaukar shi kaɗan ne. A nemi izinin mai mota tukuna, a gaishe shi, domin rabin amfanin hoton yana cikin hirar da za ta biyo baya. A ɗauka da safe ko da la'asar, hasken tsakar rana yana kashe launi. A ɗauki gaba da gefe da baya, sannan a matso a ɗauki lamba da rubutu da sitiyari. A sa mai ita ko direbanta ya tsaya a jikinta. A rubuta rana da gari da sunan ƙirar, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. Ga masu fita waje kuma, a kiyayi ɗaga kyamara kusa da kan iyaka, bariki ko filin jirgi. Mun taɓa yin awa biyu muna bayani a wani shingen jami'an tsaro saboda wata tsohuwar Land Rover da ke ajiye a gefensa, sai da muka goge hoton aka sallame mu.

Roƙonmu ga shugabanni shi ne a ware shafi biyu a mujallar baɗi domin wannan aiki. Matasanmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ga ta nan a hanyar Kalgo, za su iya zagawa gareji-gareji da tasha-tasha lokacin hutu, su zauna da tsofaffin direbobi da makanikai da 'yan kamasho su naɗi muryoyinsu. Iyayenmu mata kuma a duba ƙasan akwati da adaka: hotunan biki da na rakiyar alhazai sau da yawa akwai mota a bayan mutanen, ba a lura da ita ba. Wanda ya kawo nasa za a kwafa a mayar masa a ranar, ba za a riƙe na kowa ba.

Namu hotunan, na Alƙahira da na hanyar Yamai, mun jera su a kan teburin da ke bakin ƙofa. Muna so dattawan direbobi da ke cikin wannan zaure su fara dubawa, su gyara mana inda muka rubuta sunan mota ba daidai ba.