Bursi rumbu ne: jawabi ga ƴan uwa ɗaliban jami'a

Maganar da zan yi yau ta kuɗi ce, kuma na san wasunku sun fara dariya a zuci, suna cewa wanda bai da ko dala me zai tattala? Ku yi mini haƙuri kaɗan.

Ko a Abdou Moumouni ta Yamai kake, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, labarin guda ne. Bursi ba ya zuwa kowane wata kamar albashi. Yana faɗowa a dunƙule, kuɗin watanni, sau da yawa bayan an gaji da jira. Ranar da ya faɗo kowa sarki ne: a ci nama, a canza waya, a hau kabu-kabu zuwa inda ƙafa ke iya kai mutum. Bayan sati uku sai a koma garin rogo da bashin mai shago. Ni a ganina ranar da ta fi haɗari ga ɗalibi ita ce ranar da kuɗi suka shigo hannunsa.

Galibinmu ɗiyan manoma ne. Mun san gero sau ɗaya yake shiga rumbu a shekara, kuma da shi za a ci har wata kaka. Maigida mai hankali yana ware iri tun farko, ya biya wanda ya ranta masa, sannan ya riƙa aunawa tiya-tiya. To bursi ma rumbu ne. Haka kuɗin da ake aiko ma ta Nita ko Al Izza, in kana cikin masu yawan da ba su da bursi.

Bari mu yi lissafi, misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadi. A ce ka karɓi jikka 90 na wata uku. Wata uku sati 13 ne. Kafin ka sayi komai, kasa su kashi huɗu. Jikka 10 ka biya bashi a ranar, don mai shagon da ka biya shi zai sake ranta ma gobe. Jikka 12 na karatu: fotokofi, takardu, rajista. Jikka 16 su ne iri, ba a taɓa su. Saura jikka 52. Raba su 13, jikka 4 ke nan kowane sati, na ci da sabulu da mota da waya. Kun lura? Irin nan jikka 16 abincin sati huɗu ne cif. In bursi na gaba ya makara da wata guda, ba za ka kwana da yunwa ba, ba za ka sayar da wayarka rabin kuɗi ba.

Jikka 4 ba su da yawa, na sani. Shi ya sa tikitin resto shi ne abu na farko da za ka saya, na wata guda gaba ɗaya in da hali, tun kuɗi na hannu. Waɗanda ke haya a gari ku haɗa tukunya: mutum huɗu su sayi shinkafa da wake da mai a kasuwa ya fi kowa ya riƙa sayen kwano-kwano bakin hanya.

Sai ƙananan ramuka. Dala ashirin a rana, wadda ba ka ko jin fitarta, jikka 3 ce a wata, jikka 36 da rabi a shekara. Wanda ke sa dala ɗari na intanet kullum, jikka 15 yake ƙonawa a wata, kusan duk irin da muka ware. Ban ce kada a shiga WhatsApp ba, ai can ake tura darussa. Cewa na yi ka rubuta. Sati biyu kawai ka rubuta duk abin da ya fita aljihunka, wallahi za ka ga ɓarawonka da idonka. Cacar ƙwallo ta waya kuwa, wanda ya sa irinsa ciki ya shuka dusa.

Akwai kuma gida. Bursi na faɗowa waya za ta yi ƙara, inna ba lafiya, ƙane na son kuɗin lakkol. Taimakon iyaye albarka ne. Amma ka yanke abin da za ka iya tun kafin a kira, ka tura shi, ka gaya musu gaskiyar abin da ya rage. Uwar da ta sayar da akuya ta turo ka jami'a, digirinka take jira.

Ina za a ɓoye irin? Nan iyayenmu mata sun riga mu. A 1991 aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE: mata su taru kowane sati, kowa ta zuba ɗan abin da ta iya cikin akwati mai makulli, su ranta wa juna, a ƙarshe su raba. Yau ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan dubara. Matan da yawancinsu ba su shiga aji ba suka riƙe wannan, mu masu karatun lissafi me zai hana mu? Mutum biyar ko goma da kuka yarda da juna, littafi guda, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban.

Kada wani ya ce ina nufin a yi shiru in bursi ya makara. Haƙƙi ne, a neme shi. Amma kafin ya zo ciki ba ya jira, kuma mun sha ganin yaro mai ƙwazo ya bar aji ya tafi neman na abinci, mun ga ƙannenmu mata sun faɗa hannun wanda bai dace ba saboda jikka biyu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, yunwa kuma ta fi shi.

Roƙona guda: yau da dare ka ɗauki takarda, ka ƙirga abin da ke hannunka, ka ƙirga satin da suka rage, ka raba. Allah ya sa wa karatunmu albarka.