Daga Greensboro zuwa Sabon Gari: karatun harhaɗa magunguna da abin da gida ke jira

 

Da yawa daga cikinmu mun tashi ana shafa mana Vicks a ƙirji idan murar hunturu ta kama mu, ba mu san cewa a garin nan da muke zaune aka fara haɗa shi ba. Wani mai kantin magani ne, Lunsford Richardson, ya sarrafa shi a Greensboro a ƙarshen ƙarni na 19. Daga bayan kanta guda ya zaga duniya har ya iso ɗakunan iyayenmu mata.

Mai son wannan fanni ya sani tun farko cewa hanyar tana da tsawo. Zai iya share fage da darussan kimiyya a A&T ko UNCG, amma digirin PharmD na shekara 4 sai ya leƙa maƙwabta: High Point, Chapel Hill, Campbell ko Wingate. Bayan nan akwai jarrabawar NAPLEX da ta dokokin magani. Wanda kuma ya zo da digirinsa daga Zariya, Kano ko Sakkwato, sai ya ci FPGEE da jarrabawar Turanci, ya cika sa'o'in aikin koyo, kafin a ba shi lasisi.

Kuɗin makarantar ba wasa ba ne, shi ya sa akasarinmu da mun gama sai mu nufi CVS ko Walgreens don mu fara rage bashi. Aiki ne na halas, ba mu raina shi ba. Sai dai muna ganin mun taru a ƙofa ɗaya mun bar sauran: horon shekara 1 ko 2 a asibiti, masana'antun da ke Research Triangle Park nan kusa da mu, da aikin sa ido kan ingancin magani da gwajinsa. Waɗannan ne gida ya fi ƙishirwarsu.

Mu tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu. An yi shekaru ana shari'a. Raunin da abin ya bari a zukata yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka juya wa rigakafin shan-inna baya a 2003. Da a ce muna da isassun masana namu masu iya karanta takardun gwaji su ce a dakata, kuma hukuma ta saurare su, da wataƙila labarin ya sha bamban.

A 2018 ma sai da BBC ta tona asirin cinikin kodin kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi, alhali kowace unguwa ta riga ta san ɓarnar. Ga kuma dambarwar tashin 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, wadda ta yi ƙamari a 2024. Duk siyasa ce: wa ke shigo da magani, wa ke ajiye shi cikin zafin bazara, wa ke da ikon rufe shago. Marigayiya Dora Akunyili, da ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta hana masu jabun magani sakat, wannan karatun ta yi.

Ba muna cewa kowa ya haɗa kayansa gobe ba. Wasunmu bashi ya ɗaure su, wasu iyali. Roƙonmu ga shugabanni shi ne a haɗa kowane ɗalibi mai sha'awar fannin da wani babba da ya riga ya samu lasisi, kuma waɗanda ke da rajista da hukumar masu harhaɗa magunguna ta Nijeriya kada su bari ta mutu. Masu son shiga wannan tsari su ba sakatare sunayensu kafin a watse.