Jawabin Shugaban Sashen Lissafi a Bikin Yaye Ɗalibai



Na san akwai iyayen da har gobe ba su gane abin da yaran nan suke ta ƙona fitila a kansa ba. Bari in ɗan warware musu. A ce direba zai zagaya garuruwa 10 da allurar rigakafi, har da garinsu, ya dawo gida. Zagayen da zai iya bi sun kai 181,440. In garuruwan suka zama 20, adadin ya haura tiriliyan 60,000, ko kwamfuta sai ta gaji kafin ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ilimin tsamo hanya mafi gajarta daga wannan tarin, ba tare da an bi kowace ba, shi suka karanta.

George Dantzig ya fito da dabarar simfuleks a 1947, amma takan ba da amsa irin mota biyu da rabi. Wa ya taɓa tura rabin mota? In kuma ka cike lambar da ka, sau da yawa lissafin gaba ɗaya ya rushe. A 1954 Dantzig da Fulkerson da Johnson suka warware zagayen birane 49 na Amurka, suka kuma kawo hujjar cewa babu wanda ya fi nasu gajarta. Ralph Gomory ya mayar da yanke amsoshin rabi-rabi cikakken tsari a 1958. Ku kuma 'ya'yana mata, ku riƙe wannan: dabarar raba matsala reshe-reshe ana datse rassan banza, wadda manhajojin yau suke tafiya a kanta, mata biyu ne daga Landan suka wallafa ta a 1960, Ailsa Land da Alison Doig. Zuwa 2006 an warware zagaye mai wurare 85,900.

Duk da haka, tun 1972 Richard Karp ya nuna cewa waɗannan matsaloli dangin juna ne wajen taurin kai, kuma dala miliyan ɗaya da Cibiyar Clay ta ajiye a 2000 kan tambayar ko akwai hanya mai sauri ta warware su tana nan.

Saboda haka, 'ya'yana, in an ba ku jadawalin jarrabawa ko rabon tankokin mai, manhaja za ta nuna muku lamba biyu: amsar da ta samu, da iyakar da ba za a iya wucewa ba. In lokaci ya ƙure da sauran tazarar kashi 3 cikin 100 tsakaninsu, ku rubuta hakan a rahotonku, ko da maigidanku ya fi son ya ji an gama. A gurina wannan layin ya fi duk shafukan da ke gabansa daraja.

Ina roƙon Magatakarda ya fara kiran sunaye.